Taurari Goma Sha Biyar A Allon Injiniya

Ranar Talata Malama ta fara shiga ɗakin gwaji na asibiti, tana dafe da bango. Shekara biyu ke nan da likitoci suka ce tana da cutar da ke cin rufin jijiyoyi, mai sa ƙasa ta riƙa lilo a ƙarƙashin ƙafafunta.

Injiniya, mai kula da kyamarar da ke auna motsin jiki, ya nuna mata wani farin layi.

"Ki tsaya nan, ki rufe ido, daƙiƙa talatin."

A allonsa ta fito kamar taurari goma sha biyar da aka haɗa da zare, suna kaɗawa a hankali. Ya manta da agogo.

"Malam, in buɗe?"

"Afuwa. Na shagala."

Duk wata take zuwa. Bayan gwaji na huɗu ya tura mata saƙo: "Malamata, karkatarki ta ragu da santimita biyu. Tawa kuwa sai ƙaruwa take, kuma duk wajenki nake yi."

Ta amsa: "To ka ga likita." Amma ta karanta shi ya fi sau goma.

Da ya faɗa wa mahaifiyarsa yana son auren Malama, sai ta daɗe tana kallonsa. "Ɗana, yau da ƙafarta take tafiya. Gobe fa? Ban yarda ba."

A wata na gaba Malama ta tarar da wata ma'aikaciya a kujerarsa. An ce da kansa ya nemi a sauya shi. Ta yi gwajin, ƙafafunta na rawa fiye da kullum, ta fita ta rubuta masa: "Da ka faɗa min ka gaji, da na fahimta."

Nan take amsa ta zo: "Hasken idona, bai dace in auna matar da nake nema da aure ba. Umma kawai nake lallashi."

Umma ba ta lallasu ba, sai da ta je da kanta makarantar da Malama ke koyarwa. Ta tsaya a taga tana kallon Malama na koyar da lissafi a zaune, ajin tsit.

Bayan an tashi Malama ta gaishe ta, ta ce, "Umma, ba zan ce miki zan warke ba. Wata rana ina da ƙarfi, wata rana sai a taimaka min. Amma ina son ɗanki."

Umma ta ɗauki jakar Malama ta rataya. "Mu je, 'yata. Ki nuna min gidanku."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Umma ce ta tarbi amarya a ƙofa, ta kore masu cewa a yi sauri.

"Ku bar ta ta shigo gidanta yadda take so. Allah Ya zaunar da ku lafiya."

Daga ciki ango ya ce amin.