Saura Laba Talatin

"Wa za ku bari a gida?"

Marnie ce ta yi tambayar, tana tsugune a bakin ƙofar direba ta a-kori-kurar Coy, yatsanta a kan wata 'yar takarda ruwan ɗorawa da ke manne a jikin ƙarfen. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk wanda ke filin sayar da tirelolin ya ji ta.

Coy, wanda saura wata biyu a ɗaura masa aure da Marnie a coci, ya tsaya da biro a hannu. A bayansa ga tirelar tafi-da-gidanka, katafariya, fara sol, har da murhu da falo da gado irin na otal.

"Masoyiyata... me kuma ya faru?"

"Tambaya na yi. Wa za ku bari a gida?"

Shayla, mai sayar da tirelolin, ta yi wata 'yar dariya tana gyara gashi. Duk garin an san ita ce budurwar Coy ta farko, an kuma san har yanzu mahaifiyarsa, Madam Lorraine, tana ajiye mata kujera a abincin ranar Lahadi.

"'Yar'uwa, kwantar da hankalinki," in ji Shayla. "Motar nan tana jan laba dubu tara. Tirelar ko dubu takwas ba ta kai ba."

"Ja daban, ɗauka daban."

Marnie ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta. Shekara tara ke nan tana zaune a ɗakin sikeli na rumbun alkamar garin, tana auna motoci daga safe har yamma. Mu nan Kansas a yi maka ƙarya a kan komai, amma ban da nauyi a gaban Marnie.

"Takardar nan ta ce motar ba za ta ɗauki abin da ya wuce laba dubu ɗaya da ɗari biyar ba, mutane da kaya duka. Bakin tirelar nan da ƙugiyarta za su danne bayan mota da dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Kai ɗari biyu da ashirin ne, Coy. Ni ɗari da hamsin. Saura nawa?"

Ta ba kanta amsa.

"Saura talatin. Ban ma sa akwatin ƙarfen babanka da ke baya ba."

Ta juya ta dubi inuwar rumfa, inda 'yarta Junie, mai shekara goma, ke zaune a kekenta na guragu mai lantarki tana shan ruwan lemo. Junie laba saba'in ce. Keken kuwa ɗari biyu.

Marnie ta fizge takardar da ke hannun Shayla. Can sama, da rubutun Shayla mai lanƙwasa, an sa: Mutum biyu.

Ashe ba kuskure ba ne.

"To mene ne a ciki?" Madam Lorraine ta sa baki, tana rungume da jakarta. "Amarci za ku je, ba asibiti ba. Yarinya ta zauna wurin kakarta. Ɗana ya sha wahala a rayuwa, ya cancanci ya miƙe ƙafa a gado mai faɗi. Ba kowane nauyi ne mutum zai kinkima ya yi yawo da shi ba."

Nauyi.

Da wannan kalmar uban Junie ya yi sallama shekara takwas da suka wuce, ranar da likita ya ce yarinyar ba za ta yi tafiya ba. Ya ce nauyin ya fi ƙarfinsa, ya ɗauki jakarsa, ko waiwaye bai yi ba.

"Madam Lorraine, ba da ke nake ba." Marnie ta zuba wa Coy ido. "Kai nake jira. Ka ga an rubuta mutum biyu?"

"Na gani... amma wallahi ban kawo komai a raina ba. Lambar ja kawai na duba. Shayla ta ce..."

"Ka gani, kuma ka buɗe biro."

"Marnie, ki saurare ni..."

"Kai ka yi wa yarinyar nan alkawarin duwatsun Colorado. Wata uku tana manna hotunansu a bangon ɗakinta. Ni ban roƙe ka ba."

Ta zare zoben daga yatsanta. Ta zagaya bayan motar, ta ɗora shi a kan ƙugiya.

"Ga shi nan. Na rage muku kaya."

Ta ɗora Junie a tsohuwar motarta, ta ɗaure keken, ta ja. Sai da suka wuce gonaki uku sannan yarinyar ta yi magana, a hankali, tana kallon taga.

"Mama... ni ce na yi nauyi?"

Marnie ta taka burki a gefen titi har ƙura ta tashi.

"Kalle ni. Tirelar ce ta yi nauyi. Ke daidai kike, kin ji ko?"

Junie ta gyaɗa kai, amma da suka isa gida sai ta ciccire hotunan duwatsun ɗaya bayan ɗaya ta tura su ƙarƙashin gado. Wannan ya fi maganar Madam Lorraine ƙona wa Marnie rai.

Sati ya zagayo, girbin alkama ya kankama. Coy ya kira ya kai sau ashirin, ba ta ɗauka ba. Ya aiko da furanni, ta ba matar maƙwabci. Tana son sa, wannan ba ta musa wa kanta ba. Mutumin da ya koyi yi wa Junie kitso a waya, ya yi ta kwancewa yana sakewa har ya iya, ba a cire shi daga zuciya a kwana bakwai. Amma ta riga ta rantse ba za ta sake zama da namijin da sai an tuna masa da 'yarta ba.

Ranar Laraba sai ga Shayla a tagar ɗakin sikeli, da dogon takalmi a cikin ƙaiƙayi.

"Wucewa nake, na ce bari in gaishe ki. Coy ya dawo filinmu jiya. Ya sa hannu."

"Allah ya sanya alheri."

"Kada ki riƙe shi a rai. Wasu mazan hutu suke nema, ba jinya ba."

Marnie ta kalli allon sikeli, sannan ta kalle ta.

"Kina tsaye a kan ma'aunina, kina ɓata min awon alkamar mutane. Matsa."

Sai da ƙurar motar Shayla ta kwanta sannan Marnie ta shiga banɗaki ta kulle, ta yi kukanta na minti biyu, ta wanke fuska ta dawo bakin aiki. Da yamma ta ciro tsohon tanti daga gareji ta shimfiɗa a tsakar gida.

"Colorado za mu je, ni da ke," ta ce wa Junie. "Ko da rarrafe ne."

Ranar Asabar da azahar rana ta take, layin motocin alkama ya kai har bakin titi. Junie na gefen uwarta a ɗakin sikeli, tunda an yi hutun makaranta, tana jera mata takardun awo. Ita ta fara hangowa.

"Mama... ga Coy a layi."

Shi ne kuwa. A-kori-kurarsa ta maƙale tsakanin manyan motoci biyu, tana jan wata 'yar tirela gajera, ruwan toka, mai ƙofa mai faɗi. Kusa da waccan katafariyar da aka so saya, wannan kamar akurkin kaji take.

Ya hau sikeli ya kashe mota.

Marnie ta danna lasifika, muryarta ta karaɗe filin.

"Malam, layin alkama ne wannan."

Ya leƙo ta taga. "A auna ni, Mai sikeli."

"Ba ma auna masu mantuwa."

Direbobin da ke baya suka fashe da dariya, wani ya danna ham.

"Na yarda na yi mantuwa," Coy ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Na ga mutum biyu a takarda ban ji komai ba, kuma wannan abin kunya ne. Ban zo wanke kaina ba. Ki auna kawai. In lissafin bai fita ba, na juya, ba za ki sake ganina ba."

Ta so ta ce ya juya tun yanzu. Bakinta ya ƙi.

"Ja baya kaɗan. Tayoyin tirela su sauka daga sikeli, motar kaɗai nake so. Tsaya nan."

Ta san nauyin motar nan ba kaya kamar yadda ta san ranar haihuwarta. Ta cire shi, ta cire na Coy, ta cire abin da bakin ƙaramar tirelar zai danna. Ta sake lissafawa. Laba ɗari biyu da hamsin sun yi ɓatan dabo.

Ta miƙe ta leƙa bayan motar.

Akwatin ƙarfen babu shi.

Akwatin da marigayi babansa ya ƙera da hannunsa, wanda Coy ya ɗauke daga mota zuwa mota har uku, wanda ko wanke shi ba ya bari wani ya yi. Sai shatin tsatsa a inda yake zama, da sababbin igiyoyi huɗu na ɗaure keke.

Ta manta lasifikar a kunne take.

"Coy... ina akwatin Baba?"

"Yana barandar Mama. Da shi a mota, mun haura da laba arba'in. Na lissafa sau goma, bai canza ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce na zaɓi bare a kan ubana. Na ce mata da Baba na raye, da shi zai kwance kusoshin da kansa. Kwana uku ke nan ba ta yi min magana ba."

"Shayla ta ce ka sa hannu."

"Na sa mana. A kan wannan, kuma wurin abokin aikinta. Ba ta gaya miki wannan ɓangaren ba ko?"

Ya fito daga motar, ya zaro takarda daga aljihun riga ya manna ta a gilashin tagar. Rubutunsa ne, mai kama da tafiyar kaza. Layin farko: Junie, saba'in. Na biyu: keken Junie, ɗari biyu. Sunansa ne a ƙarshe.

"Da ita na fara, sannan na nemi tirelar da za ta shiga abin da ya rage. Gadon ƙasa nata ne, taga na daidai kanta. Ni ƙafata za ta leƙo waje, na gwada."

Junie ba ta jira izini ba. Sai ƙarar kekenta aka ji tana gangarawa, ta haye kan sikeli ta tsaya a gefen motar. Jajayen lambobin allon waje suka motsa.

Ta ɗaga kai ta dubi Coy. "Na yi nauyi?"

Ya durƙusa a kan ƙarfen mai zafi har fuskarsu ta daidaita.

"Ke aka fara ƙirgawa, gimbiya. Mu ne muke neman wuri a bayanki."

Sannan ya waiwayo.

"Saura mutum ɗaya, Mai sikeli."

Marnie ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Motoci goma sha biyu na jira, ba wanda ya ƙara danna ham.

"Ka ji ni da kyau, a gaban mutanen nan. Ba zan sake tuna maka da ita ba. Ko sau ɗaya."

"Ba za ki buƙata ba."

"Kuma mahaifiyarka ba za ta sake kiranta nauyi ba, ko a gabana ko a bayana."

"Na riga na gaya mata. Na ce akwai wurin mutum ɗaya a motar, kusa da Junie. In za ta zauna a nan, bismilla. In ba za ta zauna ba, mu cika wurin da kankana."

Dariya ta kuɓuce wa Marnie tare da hawaye. Ta taka ta hau sikelin. Lambobin suka yi tsalle.

Coy ya kalli allon. "Ƙarin ɗari da sittin nake gani fa, masoyiyata..."

"Sikelin ashirin-ashirin yake ƙirgawa, kada ka raina min hankali."

"To saura nawa?"

"Ɗari biyu."

Ya ciro zoben daga aljihu. Ta bar shi yana riƙe da shi na ɗan lokaci, don ya san ba a araha ya same ta ba, sannan ta miƙa yatsa. Nan fa ham ya kaure daga farkon layi har bakin titi.

"Ku sauka min daga sikeli," in ji ta tana share ido. "Alkamar mutane na jira."

Ta koma ɗaki ta buga takardar awon kamar ta kowace mota. Akwai gurbin da ake rubuta irin kayan da aka ɗauko, inda shekara tara ba ta taɓa sa komai ba sai alkama ko dawa ko masara. Ta riƙe biro tana tunani.

Junie ta miƙo hannu ta taga. "Kawo, Mama, ni zan rubuta."

Ta ɗora takardar a cinyarta, ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta miƙa wa Coy.

Mutum uku.