Ƙwan Bai Dimcho da Akuyarsa

Rumen ya fara ganin Velina ne yana durƙushe a gindin wata 'yar tirelar kwana, irin ɗan ɗakin nan mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a ja zuwa bakin teku. Zuma ya tsaya saya a ƙauyen su Velina, can cikin duwatsun Troyan, sai ya hango abin a tsakar gida, mulmulalle kamar ƙwan wata ƙatuwar tsuntsuwa. Bai nemi izini ba ya shiga ya hau ƙwanƙwasa shi.

"In ka ji an amsa daga ciki, ka gudu," in ji wata murya a bayansa.

Ya ɗago da sauri, ƙeyarsa ta daki ƙarfen ja. Haka soyayya take yi mana mu maza, da wuya ta tarar da mutum a tsaye cikin mutuncinsa.

"Da me aka yi ta?" ya tambaya yana murza kai.

"Ka biyo layi," Velina ta ce tana dariya. "Kakana ne ya ƙera ta, ya rasu bai gaya wa kowa ba. Ƙwai muke ce mata."

Ta nuna masa wata tsaga a gefe, inda ruwan sama ya fara shiga. Shi ya sa aka fito da ita daga rumfa a bana don a gyara. Amma ba a iya liƙe abu sai an san jikinsa, kuma mahaifinta Dimcho, wanda ake kira Bai Dimcho don girmamawa, ya rantse ba wanda zai kankare ko ƙwarzane ɗaya. A ciki ya yi amarci da marigayiya Stanka, mahaifiyar Velina.

Rumen ya koma birnin Sofiya da zuma kwalba guda da lambar waya. Tun a hanya ya tura saƙo:

"Na manta ban gwada maganaɗisu ba. Dole in dawo."

"Kowa ya gwada. Ba ya kamawa."

"Nawa na musamman ne."

"To kawo shi, malam mai ƙulu a ƙeya."

Ya dawo ranar Asabar, da wadda ta biyo, da ta bayanta. Maganaɗisu ya ƙi kamawa, wato ba ƙarfe ba ne. Ba ta yin sanyi da safe kamar alminiyam, ba ta kuma amsa ƙwanƙwasa kamar katako. Shi dai Rumen bai damu ba. Muddin ba a gano ba, yana da dalilin zuwa.

"Veli, tsuntsuwata," ya ce wata rana suna ɓare barkonon da aka gasa, "in na tambaye ki wani abu, za ki ce kowa ya gwada?"

"An gwada," ta ce, kanta a sunkuye. "Naka ne kawai ya kama."

Bai Dimcho kuwa bai kamu ba. Da Rumen ya je masa da maganar aure, tafin hannunsa ya kama ya juya kamar mai duba kifi a kasuwa.

"Aikin me ka ce kana yi?"

"Kwamfuta, Bai Dimcho."

"Ya nuna. Hannun nan ko buɗe murfin kwalba ba zai iya ba."

Wanda tsohon yake so ya auri 'yarsa shi ne Plamen, mai gyaran jiragen ruwa a Varna, mai faɗin kafaɗa, wanda yake zuwa da kifi busasshe. Plamen ya shafa Ƙwai sau ɗaya ya ce faiba ce, wato zaren gilas da gam, irin ta jirgi. A ba shi ita ya kai wurin aikinsa ya goge ya liƙe.

Rumen ya kasa yin shiru. "Ba mu tabbatar ba. A bar ni in yanki ɗan ƙanƙane in kai a auna."

Tsohon ya ajiye kofin barasarsa a hankali. "Ka yanki me?"

Bayan kwana kaɗan aka wayi gari bakin tsagar ya wawuke, an ɓalle wuri kamar faɗin tafi. Ba wanda ya tsaya dogon tunani. Saƙon Velina ya iso Rumen yana ofis:

"Baba ya zauna a gabanta tun safe. Da ka tambaye ni. Ta mahaifiyata ce, Rumen."

"Ban taɓa ta ba, tsuntsuwata."

"Kai kaɗai ka nemi yanka."

Ya ƙara turawa, ba amsa. Ya kira, ba a ɗauka ba. A ranar ya gane cewa ba zumar ƙauyen ce take hana shi zama a Sofiya ba.

Da Asabar ta zagayo ya kama hanya, ya tsara jawabi mai kyau wanda ya zube masa tun kafin ya kashe mota. Ba kowa a tsakar gida, duk suna wajen amya. Sai Ganka, tsohuwar akuyar gidan, ta kafa ƙafafun gaba a jikin Ƙwai, ta cusa baki cikin tsagar tana fizga tana tauna, idanunta a lumshe don daɗi.

Rumen bai kore ta ba. Ya lallaɓa ya kirawo su.

"Bai Dimcho, zo ka ga mai aunawar."

Tsohon ya tsaya baki buɗe. Velina ta riƙe ƙahon akuyar ta zaro abin da ke bakinta. Ba zaren gilas ba ne, ko akuya ba ta cin wannan. Ƙyalle ne, an jera shi falle-falle an shayar da shi gam har ya yi tauri kamar ƙashi. Inda yawun Ganka ya jiƙa, launi ya fito: shuɗi, da ƙananan furanni farare.

Bai Dimcho ya karɓa ya daɗe yana dubawa.

"Surukina a masaƙa ya yi aiki," ya ce a hankali. "Ragowar yadi yake kawowa gida. Da irin wannan aka ɗinka wa Stanka rigar da na fara ganinta a ciki." Ya share ido da bayan hannu. "Ashe duk shekarun nan a cikin rigarta nake kwana."

Velina ta juyo wajen Rumen, fuskarta ta yi ja. "Ka yafe mini."

"Sai in an hukunta mai laifin."

"Gasa ta za mu yi," in ji tsohon.

"A'a, Bai Dimcho. Ita kaɗai ce shaidata a gidan nan."

Plamen da ya ji labari ya yi dariya, ya aiko da gam mai kyau da bayanin yadda ake haɗa shi, ya daina zuwa da kifi. Da aka zo liƙi aka rasa ƙyallen da za a sa. Velina ta kawo ragowar farin yadin da ta ɓoye don rigar amarcinta ba ta gaya wa kowa ba. Rumen ya tuɓe rigarsa ta ofis ya kekketa. Ya yini yana jera falle bisa falle, gam ya cinye masa fatar yatsu.

Da yamma tsohon ya sake kama tafin ya juya.

"Har yanzu ba hannu ba ne," ya ce. "Amma ya fara. Je ka turo iyayenka."

An ɗaura aure bayan an gama tsinkar inabi. Ango da amarya suka ja burodin biki a saman kawunansu don a ga wanda zai mulki gida, babban rabon ya tafi hannun Velina, ba wanda ya yi mamaki. Ganka ta halarta da jan zare a wuya, a ɗaure nesa da tirela.

Da aka ɗaura Ƙwai a bayan motar Rumen, Bai Dimcho ya watsa ruwa a gaban tayoyin don hanya ta yi sauƙi, sannan ya dafa farin facin.

"Allah ya haɗa ku kamar yadda wannan ya haɗu. Ku tsufa tare, ku cika ta da 'ya'ya." Ya leƙa ta taga wajen Rumen. "Kai kuma, ɗana, in kun isa bakin teku, kada ka ajiye ta kusa da awaki."