Mahaifata a Cikin Maƙalarsa

"Karanta mata, Aziza! Karanta ta ji da kunnenta, kada gobe a ce ni na ƙirƙira!"

Hajiya Aisa ke nan, mahaifiyar Sufiyanu, mutumin da aka sa ranar aurena da shi bayan Babbar Sallah. Ni kuwa ina durƙushe a bakin tabarmarta, ko gaisuwa ban ƙarasa ba.

Murna fa na zo taya ta. Ɗanta likitan mata ne, yana kuma koyarwa a jami'a. Ya haɗa maƙalun binciken da ya buga don neman ƙarin matsayi, daɗi ya ɗebe shi ya watsa su a wasap na dangi. Kowa ya sa albarka ya wuce, don wa ke da lokacin karanta Faransancin likitoci?

Aziza ce ke da lokacin.

Ɗiyar ƙanwar Hajiya ce, ɗalibar likitanci a Damagaram, wadda tun tana ƙarama take kallon Sufiyanu kamar ajiyarta. Ta gyara zama, ta ɗaga salula, tana karantawa tana juyawa da Hausa a hankali, kada ko kalma ɗaya ta zube.

"Budurwa ce 'yar shekara ashirin da bakwai... sajfam, daga makiyayan Alakos..."

Ta ɗago ido.

"Yaya Rumasa'u, don Allah sajfam nawa Alakos ta taɓa fitarwa?"

Ni kaɗai ce ungozomar asibiti da ta fito daga can. Duk Gure, inda nake aiki, an san haka, har masu kabu-kabu.

"An haife ta da mahaifa rabe biyu," Aziza ta ci gaba. "An yi mata aiki an cire ɓangare ɗaya. Wanda ya rage ya lalace... da wuya ƙwarai ya taɓa riƙe ciki."



Aikin na sani, jikina aka yanka, Sufiyanu ne ma ya yi shi. A gadon asibitin nan ma muka fara son juna. Amma wannan jimla ta ƙarshe, wallahi ban taɓa jin ta ba sai daga bakin Aziza.

"Ba ni na faɗa ba," in ji Hajiya, tana kaɗa mafici. "Shi ya rubuta da hannunsa, duniya ta karanta. Ni ɗa namiji ɗaya Allah Ya ba ni, ɗiyata. Ki yi mini adalci."

Na miƙe. Har na kai zaure kafin na gane takalmi ɗaya ne a ƙafata, ban kuma koma ɗauko ɗayan ba.

Washegari da hantsi sai ga motarsa daga Damagaram. Ya same ni a bayan ɗakin haihuwa, ƙarƙashin dogon yaro, ina wanke hannu.

"Rumana..."

"Kada ka kira ni haka."

"Sheri, masoyiyata, ki saurare ni. Na cire sunanki! Haka ƙa'idar bincike ta ce, kuma na bi ta."

Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Ka cire suna, ka bar aikina, ka bar shekaruna, ka bar garinmu. Me ya rage, Dokta? Lambar ɗakina?"

"Mujallar waje ce. Ban taɓa zaton wani a Gure zai buɗe ta ba. Kuma ai na tambaye ki, kin yarda..."

Na tuna. Ina kwance da ɗinki a ciki, ya ce ko zai iya nuna wa ɗalibansa hoton mahaifata. Ni kuma so ya rufe mini ido, na ce komai nawa nasa ne. Mace ta yi zancen soyayya, namiji ya ɗauke shi izinin bugawa.

"Bar wannan," na ce. "Da na tambaye ka ko zan haihu, me ka ce mini?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce in sha Allah."

"Ka ce ɗaya ɓangaren lafiyarsa lau! Ni da nake karɓar haihuwar mata kullum, nake ɗaga jariri ina cewa saura nawa. Ka bar ni ina ɗinka kayan jarirai a raina, kai kuwa ka riga ka rubuta wa mutanen da ban sani ba cewa babu!"

"Ban so ki karaya ba ne! Rumasa'u, na sani tun ranar da na fito daga ɗakin tiyata. Na sani, kuma na je na nemi aurenki. Wannan bai gaya miki komai ba? Ke nake so, ba ɗa ba. Hajiya ta yi fushinta ta gama, ni babu inda za ni."

Nan ne zuciyata ta ci amanata. Na yi kuka, shi ma ya yi. Domin gaskiya ne, ya sani kuma ya zaɓe ni, kuma ba kowane namiji ba ne zai iya.

Kafin mako ya zagayo, zancen ya gama gari. Aziza ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta fassara shafin ta tura wa ƙawayenta "don su ƙaru da ilimi". Mata masu zuwa awo suka koma kallon cikina maimakon fuskata. Wata tsohuwa ta kawo jikarta tana naƙuda, ta ja abokiyar aikina gefe ta ce a ba su wadda ta san zafin abin.

Sai ga mahaifina, Malam Abarshi, ya baro raƙumansa ya shigo Gure da rawaninsa. A wurinmu ciwon mace ko mijinta ba ya jin sunansa, tsakaninta da uwarta yake ƙarewa.

"Ki haɗa musu kayansu," ya ce, bai ko zauna ba. "Mutumin da ya buɗe cikin ɗiyata a kasuwa ba surukina ba ne."

"Baba, kuskure ne... yana sona."



"To. Abin da ya shanya, ya je ya kwashe. In ya kwashe, na ba shi ke, ko uwarsa ta so ko ta ƙi."

Da gudu na kira Sufiyanu. Na san ana iya janye maƙala, marubuci ne zai rubuta wa mujallar ya ce marar lafiya ba ta amince ba. A raina har na fara zaɓen launin anko.

Na gaya masa sharaɗin Baba.

"Sufiyanu? Kana jina?"

"Ina ji, hasken idona... Matsalar ita ce dosiyena na neman matsayi, takardun duka, ya riga ya tafi gaban kwamiti. Da wannan maƙalar adadin ya cika. In na janye yanzu, an jefar da ni sai wani zagaye. Kuma in aka ji dalilin janyewar, sunana ya ɓaci a wurinsu."

"Sunanka."

"Ki gane mana! Watanni kaɗan ne. Sakamako na fitowa zan janye ta, na rantse. Don mu nake yi, don gidanmu..."

"Ka ce za ka iya saɓa wa mahaifiyarka saboda ni."

"Zan iya!"

"Amma ba za ka iya saɓa wa kwamiti ba."

Na jira. Allah Ya sani na jira, na ba shi duk lokacin da mutum ke bukata ya ce na fasa. Numfashinsa kawai nake ji.

"Rumana, ki yi haƙuri har sakamako..."

Na kashe wayar. Da la'asar ƙannen babana suka mayar da akwatuna gidan Hajiya Aisa.

Sakamako ya fito da kaka. Ya samu matsayinsa, aka yanka rago. Aziza ta sha lalle ta yi ta kai-kawo da faranti, amma ko kallo ba ta ishe shi ba, wahalar banza ta yi. Ya rubuta wa mujallar kamar yadda ya rantse, ya aiko mini saƙo cewa ya cika alkawari. Ban amsa ba. Lokacin likitoci sun riga sun kwafe ta, suna ambatonta a nasu rubutun.

Bayan shekara aka tara mu sajfam na yankin a wani zaure a Gure don ƙarin horo. Manyan likitoci suka zo daga Damagaram da Yamai, shi ma yana cikinsu, a kujerar gaba. Ya rame. Muka haɗa ido, na ji abin nan ya motsa a ƙirjina, na tsani kaina da har yanzu yake motsi.

Wata baƙuwar likita ce ke koyarwa, ba ta san kowa ba a garin. Ta danna na'ura, hoto ya fito a bango, ƙato.

Ban taɓa ganinsa ba, amma na gane shi, mahaifata ce.

"Wannan daga aikin abokinmu ne da ke zaune nan," ta ce, tana nuna Sufiyanu da fara'a. "Aiki mai kyau ƙwarai."

Abokan aikina duk suka dubi ƙasa. Shi kuwa ya yunƙura zai tashi, ya kasa.

Likitar ta duba fuskoki, ta tsaya a kaina, wataƙila don ni kaɗai ce ban sunkuya ba.

"Madam, ke. A ce wannan baiwar Allah ta zo hannunki. Mene ne abu na farko da za ki yi mata?"

Na miƙe. Muryata ta fita sarai.

"Zan gaya mata, Dokta."

"Ki gaya mata me?"

"Abin da ke jikinta. Ita zan fara gaya wa, kafin kowa. In rufe ƙofa, in zauna kusa da ita har ta gama kukanta."

Likitar ta gyaɗa kai, ta ce amsa ta yi kyau, amma ita magani take nufi. Ta juya ga Sufiyanu.

"Farfesa, ya ta ƙare da ita? Ta yi aure?"

Na riga shi amsawa.

"Ba ta yi ba," na ce. "Saura kaɗan, aka fasa."

Na zauna, aka wuce hoto na gaba.