Filin da Ɗan Kwangila Ya Sayar

Ni na san Ɗan Kwangila tun yana yawo da takalmi ɗaya. Shi aka ba aikin tsabtace ruwan ƙarƙashin ƙasa a bayan tsohuwar masana'antar batir, inda rijiyoyin unguwa suka koma warin ƙarfe. Aikin na haƙuri ne: a zuƙo ruwa, a tace, a mayar, shekara da shekaru. Shi kuwa haƙuri ba abokinsa ba ne.

Sai ya nufi wurin boka. Ɗakin ba taga, an jera tukwane baƙaƙe a kife, ga wata ƙwarya cike da ruwan da ba ya nuna fuskar mai leƙawa. Ya ce so yake duk rijiyar da ya taɓa, na'urar masu bincike ta ce garau take.

"Mai sauƙi ne," in ji boka. "Amma dafi ba ya mutuwa, ƙaura yake yi. Sai ka ba shi masauki a ƙasar da take taka."

"Ina da fili can bayan gari. Ko akuya ba ta zuwa."

"To, kada filin ya bar hannunka."

Ya ɗebo jarka guda daga rijiyar masana'anta, boka ya tofa, shi kuma ya je ya juye a filin. Tun daga ranar kwangila ta dinga binsa har gida. Ya gina bene, ya haƙa burtsatse a tsakar gida, ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye.

Ana nan gari ya faɗaɗa, titi ya ratsa gefen filin. Dillalai suka yi ta sintiri. Wallahi ba ya bukata, amma ransa ya kasa ganin ƙasa mai tsada a zaune. Ya ce ai ma ya rabu da ƙaya, ya sayar. Bai tuna ƙasar da ta rage masa ita ce wadda iyalinsa ke kwana a kai ba.

Inna, tsohuwar tasa, ita ce ta fara cewa ruwan alwala yana mata ɗaci. Ita aka fara binnewa. Sai autarsa, yarinyar da ke tarbarsa a ƙofa, gashinta ya soma zuba a matashi. Ya kwashi ruwan gidan ya ruga ɗakin gwaji yana roƙo a gano masa dafin, ko likita ya san abin da zai ba ta. Aka gwada, aka sake gwadawa. Garau.

Bayan an binne autar, uwarta ta zare. Har yau tana tsugune gindin famfo tana ɗauraye kofi ɗaya.

Ni abin har yanzu tsoro yake ba ni. Kai mai son a gama aikin shekaru a yini guda, je ka gan shi a ƙofar benen, leɓe a tsage, yana kuka da ƙishirwa, an miƙa masa ruwa ya kasa sha.