Muryar Mai Korar Tsuntsu

Ma'u ta fara jin Mainasara kafin ta gan shi. Ta kai wa yayanta fura a fadamar Wurno, shinkafa ta yi kai, tsuntsaye jan-baki sun sauko mata, sai ga wani saurayi a kan kunya yana ta ihun korar su. Da ya juyo gaishe ta, muryar ta fito a shaƙe, ƙasa-ƙasa.

"Sannu da rana, 'yammata."

"Kai ka buƙatar sannu. Sha hurag ga kahin maƙoshinka shi tsage."

Ya karɓa yana dariya. Shi ke nan fa.

Kafin girbi magana ta kai ga mahaifinta, Alhaji Iliyasu. Gaisuwa ɗaya ya ji daga bakin Mainasara ya murtuke fuska.

"Wagga murya ta 'yan shaye-shaye ta. Ba ni ba shi ɗiyata. Ga Yazid ɗan ƙanena nan, lahiya lau."

Haka mutane suke, su saurari maƙogwaro su yanke wa hali hukunci. Gwaggon Mainasara kuma ta ce beli ne, a kira wanzami ya yanke, kamar dai aska ta taɓa gyara wa wani murya.

Ma'u ta tura masa saƙo: "Nasarata, kak ka bari a sa ma aska. Tahi asibiti Sakkwato, don Allah."

Ya tafi, sai kuma shiru. Ta kira, ya katse. Ta sake kira, ya katse. Yazid ya ishe ta da zuwa, yana cewa ai mutumin ya samu wata a birni. Wata rana tana daka, hawaye na zuba, wayarta ta yi ƙara. Saƙon Mainasara ne.

"Ma'una, yi haƙuri, an hana ni magana sai na huta. Sun leƙa maƙoshina da 'yar fitila. Kanta ce, irin ta tafin hannu, ta fito a tantanin murya saboda ihu. Ba cuta, ba yanka. Likitar murya ta sa ni shan ruwa, da jan numfashi daga ciki, da hura bututun shan lemo cikin kofi kamar yaro. Kada ki yi dariya."

Ta yi dariyar har taɓarya ta suɓuce mata.

Watanni yana zuwa asibitin yana dawowa. Ya ɗaura gwangwanaye a igiya su yi masa ihun gona. In sun haɗu yakan fara da "mmm" a hankali kafin ya kira sunanta, ita kuwa ta riƙe baki.

Wata safiya tana shara a bayan zaure, Alhaji na ciki, aka yi sallama garau.

"Wa alaikumus salam. Wane na?"

"Ni na, Baba. Mainasara."

Alhaji ya fito ya dube shi sama da ƙasa.

"Sake sallamar in ji."

Ya sake. Tsohon ya daɗe yana shafa gemu.

"Na ɗauki alhakinka, yaro. Turo magabatanka ran Juma'a." Ya ɗaga murya. "Ke kuma, Ma'u, wurin nan ya sharu tun ɗazu!"

Bayan sallar Juma'a aka sa rana. Allah Ya sanya albarka, Ya ba su zuri'a ɗayyiba.