Ganyen da Babu Shi a Littafi

Ku matso kusa, ku rage murya. Ke Uwani, ajiye wannan gyaɗar, ƙarar ɓarewarta ta ishe ni. Labarin Lurwanu zan ba ku, ɗan gidan Inna Tabawa na bayan masallaci.

Shekara bakwai Lurwanu ya yi a kudu yana karatun itatuwa. Da ya dawo, gari ya yi masa kaɗan. Bai iya zama a dandali, bai iya zama a ɗaki. Littattafai biyu ya zo da su. Ɗaya mai kauri, cike da hotunan bishiyoyi da sunayensu. Ɗayan kuma fari fat, a cikinsa yake danne ganyaye su bushe, ya rubuta sunan kowanne a ƙasa. Burinsa ya rubuta littafi a kan itatuwan Tudun Gurjiya, dogon tudun nan da ya kwanta gabas da gari.

Ranar da zai hau, Inna Tabawa ta tare shi a zaure.

"Yanzu da tsakar rana? Ka bari a yi la'asar mana."

"Inna, hasken rana nake so."

"To in za ka tsinki ganye a can, ka yi sallama tukuna, ka zuba gero a gindin. Haka kakanka yake yi."

"Sallama ga itace, Inna?" Ya yi dariya.

Sai ta cusa masa ƙullin gero a aljihu.

Rani ne. Gurjiyoyin sun jeru a doron tudun, duk sun zubar da ganye, sai jajayen furanni. Ɗaya ce kawai a can ƙarshe take kore shar. Lurwanu ya buɗe babban littafin. Ya duba gaba, ya duba baya. Babu irinta. Ganyenta kamar tafin hannu, mai yatsu biyar.

Murna ta sa ya manta da komai. Ya miƙa hannu ya tsinke yatsa ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya danne shi a farin littafin.

Ruwan da ya fito daga karayar ya taɓa hannunsa. Da ɗumi.

Kurciyoyi suka yi tsit.

"Samari."

Ya waiwaya. Wani tsoho ne zaune a gindin bishiyar, inda ɗazu babu kowa. Akushi yake sassaƙawa. Babu wuƙa a hannunsa. Da farce yake yi.

"Sannu, Baba. Ban gan ka ba."

"Ai ba ka yi sallama ba."

Bakin tsohon bai motsa ba. Daga sama muryar take zuwa, daga cikin rassa.

Lurwanu ya sunkuyar da kai don kada ya kalli fuskar. Sai ya ga ƙafafun tsohon. Sun nutse a ƙasa har idon sawu, ƙasar kuma ta tsattsage kewaye da su, kamar yadda take yi wa saiwa.

"Kana riƙe da abina."

"Baba, ganye ne kawai."

Tsohon ya ɗaga hannun hagu. Yatsu huɗu. Inda ƙaramin yake, farin ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Lurwanu ya so ya gudu. Ƙafa ta ƙi. Ya duba, ya ga ƙasa ta haɗiye takalmansa. Sanyi na hawa ƙwaurinsa, fatar tana taurarewa tana yin kaushi kamar ɓawo. Farin littafin kuwa yana motsi a hammatarsa, kamar ana ƙwanƙwasawa daga ciki.

"Wannan layin da kake gani," in ji muryar, "ba duka aka shuka ba."

Lurwanu ya dubi jerin gurjiyoyin. Ta kusa da shi tana da wani tsohon zobe na yatsan mutum da itacen ya cinye rabinsa.

Sanyi ya kai gwiwa. Hannunsa ya faɗa aljihu, ya ji ƙullin Inna.

"Salamu alaikum," ya ce. "Salamu alaikum, mai wuri. Na yi kuskure."

Tsohon ya miƙo hannun hagu.

"Wa alaikumus salam. Wanda ya cire, shi zai mayar."

Ya buɗe littafin ba tare da ya kalli abin da ke ciki ba. Ya ɗauko shi, mai laushi, mai ɗumi, ya ɗora a hannun tsohon. Ya kwance geron ya zuba duka a gindin bishiyar.

"Geron Tabawa," in ji muryar. "Ta san ladabi. Me ka rubuta a kaina?"

"Ban rubuta komai ba. Ban san sunan ba."

"To ka bar shi haka."

Ƙasa ta sake shi. Takalman dai ta riƙe. Da ƙafa tsirara ya gangaro, ƙaya na cin sa bai ji ba, har ya faɗi a zauren Inna. Ta dubi ƙafafun, ta dubi aljihun da babu komai, ta je ta ɗebo ruwa.

Lurwanu ya rubuta littafinsa daga baya. Na riƙe shi da hannuna. Kowane shafi da ganye da suna, ban da guda ɗaya a tsakiya. Shi wannan babu rubutu, kuma har yau da danshi, da shatar yatsa ɗaya. Ƙwaurinsa kuwa, duk bazara sai ya yi ɓawo ya zube.

Me kika ce, Uwani? Takalman? Masu kiwo sun ce suna can a reshen ƙoli, inda hannun mutum ba ya kaiwa.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya hau Tudun Gurjiya shi kaɗai. In kuwa dole ta sa, ka yi sallama kafin ka taɓa ko da busasshen ganye, sannan ka saurara. In ka ji an amsa, kada ka ɗaga kai.