Kwalbar Man Ranar Hajiya Hamida

Gara a faɗi laifin Malam Mu'awiya tun farko, kafin a kai ga na wasu: dariya ya yi. Shekararsa goma sha tara yana edita a sashen Hausa na gidan rediyon, ya kuma san ba a dariya a ɗakin sarrafa shiri sai an duba maɓallin da ke kai magana kunnen mai gabatarwa. Ran nan bai duba ba.

Ƙarfe tara ne na safiyar Talata, cikin watan Yuli. Hajiya Hamida na tsaye a filin Mall, ginin majalisa a bayanta, a wannan babban dandali na tsakiyar birnin, tana gabatar da shirin bidiyo kai-tsaye, aikin da aka ƙaƙaba wa 'yan rediyo tun da mutane suka daina saurare sai da kallo. Minti biyu da farawa gumi ya keto mata, fuskarta ta soma sauya launi. Daga baƙi mai kyau ta koma ruwan toka, goshin ya ɗauko wani shuɗi-shuɗi, kamar wadda ta wuni a gidan niƙa. Tun kafin kowa ya ce uffan, muryar Tahir mai ɗaukar hoto, mai cakuɗa Hausa da Faransanci, ta shigo: "Shef, matsalar lumière ce, hasken rana ya yi yawa." Mu'awiya ya dubi allo, ya nemi wani abin baƙin ciki da zai tuna bai samu ba, dariya ta ƙwace masa. Hajiya Hamida ta ji ta tsaf a kunnenta na hagu, ta ci gaba da bayanin kasafin kuɗi ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Goma da rabi ta shigo ofishinsa ba sallama, ta dangwarar da wata farar kwalba mai famfo a kan takardunsa. Ta ce wannan man ranarta ne, dala arba'in da takwas, likitar fata ce ta ba ta sunansa saboda tabon da rana ke fito mata da shi a kumatu. Kyansa shi ne yana ɓacewa a baƙar fata, shi ya sa ko madubi ba ta dubawa, ɗauka take yi ta shafa a mota. Yau wani ya juye mata shi ya zuba na babban kanti, irin wanda ke zama a fuska kamar farar ƙasa. A ɗakin kwalliya take ajiye kwalbar, kuma mutum ɗaya ke da makullin ɗakin.

Mu'awiya ya yi kuskure na biyu. Ya ce shi a Gusau ya tashi, kullum a ƙasa yake zuwa makaranta cikin rana, bai taɓa shafa komai ba.

"Ai ga sanƙonka nan yana ba da shaida," in ji ta. "Na riga na rubuta imel a kan mai makullin. Ƙarfe uku shugabar 'yan kwantiragi za ta fito daga taro, in tura. Tunda abin dariya ne a wurinka, kana da lokacin ƙarasa dariyarka."

Mai makullin ita ce Glory, 'yar Jos, shekararta shida tana yi wa masu gabatarwa kwalliya. Duk wata shida ake sabunta kwantiraginta, na gaba kuma ƙarshen wannan watan ne. A gidan, ɗan kwantiragin da aka haɗa sunansa da kalmar sata ba a ma tsayawa bincike, katin shigarsa kawai ke daina buɗe ƙofa. Mu'awiya ya dubi agogo, ya dubi labaran rana da bai duba ba, ya yi tsaki, ya ɗauki kwalbar.

Ya fara da ita kanta kwalbar. Ya kwance famfon, ya ga man ya cika har wuya. Ya leƙa ya tambayi Hajiya yadda ta bar shi ranar Juma'a, ta ce bai kai rabi ba. Ya shafa kaɗan a bayan hannunsa, ya murza, ya sake murzawa. Hannun ya yi fari fat ya tsaya a haka, yana ƙamshin kwakwa.

Glory na ɗakin kwalliya tana wanke burushi, idonta ya yi ja. Ya nuna mata hannunsa, ta ɗan yi murmushin dole.

"Oga, ni da na shekara ashirin a kan fuskar mutane? In sata zan yi, na san iri huɗu a kanti da suke ɓacewa a fata, Hajiya ba za ta taɓa ganewa ba. Wanda ya zuba wannan lamba kawai ya karanta a jikin roba."

Ya tambaye ta ko akwai mai shiga ɗakin ban da ita. Ta dubi kwamin wanke hannun da ke kusurwa, gajere, daidai gwiwa. Mu'awiya ma ya dube shi, kunya ta kama shi, domin ya san amsar. Bara ne aka turo wa kowa imel cewa wani Bature ya tarar da ƙafar mutum a kwamin banɗakin maza, a daina. Tun daga nan Glory ke barin ɗakinta a buɗe daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu don maza su yi alwala, ta tafi cin abinci. Doka ta hana barin ɗakin a buɗe. In ta faɗi haka don ta wanke kanta daga sata, za a kore ta don ƙofa.

Hajiya Hamida ta ambaci suna na biyu tun da safe, wato Asma, wadda ke karanta labaran yamma, wadda kowa ya san tana son shirin safe. Mu'awiya ya same ta a ɗakin shan shayi. Ta ce ta ga bidiyon sau uku, ta kuma tura wa yayarta, amma ita jiya da daddare ta sauka daga Minnesota bayan hutun mako biyu, ga tikiti a waya. Ta ƙara da cewa in ita ce, da ranar da za a yi hira da minista za ta zaɓa, ba ranar kasafin kuɗi da ba mai kallo ba. Ya yarda da wannan hujjar fiye da tikitin.

Saura masu alwala. Su uku ne a aikin rana: shi kansa, da Munzali mai labarin wasanni, da Tahir. Kansa ya fara wankewa, ba tare da wani dogon bincike ba. Munzali kuwa, da aka tambaye shi, sai ya zare takalmi ya ɗora ƙafa a kujera, ya ce shi tun asuba yake alwala a gidansa da ke Landover ya sa safa mai kauri, a ofis shafa kawai yake yi a kanta, rabonsa da ɗakin Glory tun sanyi. Ya fara kawo hujjojin malamai. Mu'awiya ya ce ya yarda, don Allah ya mai da takalmin, Yuli ake ciki.

Ɗaya da rabi aka tsai da Azahar a ƙaramin ɗakin taro, tare da 'yan wasu sassan. Mu'awiya ya makara, ya samu sahu na biyu, daidai bayan Tahir. A nan ya yi laifi na uku, wanda tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Yana ɗagowa daga sujada idonsa ya sauka a kan dugadugan Tahir. Tahir mutumin Damagaram ne, rani da sanyi silifa yake sawa in yana ofis, kuma fasonsa sananne ne, har Munzali kan ce in ka jefa kwabo ciki sai an kira 'yan kwana-kwana. Yau dugadugan sumul suke, kamar na amarya. Mu'awiya bai san raka'a ta nawa ake ba har aka sallame.

Ya ja shi ɗakin ajiye kyamarori, ya rufe ƙofa, ya ajiye kwalbar a tsakaninsu.

"Tahir, me kake shafa wa ƙafarka?"

"Addu'a ce, Shef."

"Addu'ar tana cikin kwalba mai famfo?"

Tahir ya dubi rufi. Mu'awiya ya ce bari ya sauƙaƙe masa. Ɓarawo ɗauka yake yi ya tafi da kwalbar. Maƙiyi zai zuba kaɗan ne, daidai yadda ya tarar, don kada a lura. Wanda ya tarar da rabi ya mayar da cikakke har wuya, mai jin kunya ne da ke son ya biya har da ƙari. Kuma da safe, tun kafin a tambayi kowa komai, mutum ɗaya ne ya riga ya tanadi amsa, ya ɗora wa rana laifi.

"Bon," in ji Tahir, ya zauna a kan akwatin kyamara.

Ya ce wata uku ke nan. Ya idar da alwala ƙafa ta bushe, ya ga kwalba, ya zaci man shafawa ne na kowa da kowa. Ya shafa, ya ji daɗi, ya mayar da shi kullum, famfo huɗu kowace ƙafa. Ranar Juma'a ya ɗaga kwalbar ya ji ta yi ƙasa da rabi. Sai a lokacin ya karanta sunan, ya duba a waya, ya ga kuɗin, ya ce sai da ya dafa bango. Ya shiga babban kanti a Hyattsville, ya ga jere guda na man rana, ya tsaya yana lissafin lambar ƙarfin kare rana da ke jikin kowanne. Na Hajiya lamba hamsin ne, ga wani lamba saba'in a dala shida. A ganinsa ya ma ƙara mata ashirin. Jiya da Azahar ya ɗura.

"Ka ga fuskarta da safe kafin a fara, me ya hana ka magana?"

"Na ce ko zai shige, Shef. A ƙafa yana shigewa."

Biyu da kwata suka tsaya gaban Hajiya Hamida. Tahir ya yi bayani kansa a ƙasa, Mu'awiya ya tsallake batun ƙofa, ya bar shi a kan cewa Glory na ciki ta juya baya. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta tambaya sau biyu ko da gaske ƙafa ya ce. Sannan ta ce ba ta yarda ba, maza ne suka haɗa baki don su rufa wa Glory asiri, amma in aka kawo mata sabo a kwalinsa kafin uku, za ta goge imel. Tahir ya fita da gudu da silifa.

Uku saura kwata ya dawo yana haki, da kwali a leda da rasit. Hajiya ta ɓare, ta danna a bayan hannu, ta shinshina, ta murza. Fuskarta ta canza.

"Wannan ba shi ba ne. Nawa ya fi wannan laushi, ƙamshin ma daban. Jabu kuka sayo mini?"

Ran Mu'awiya ya ɓaci. Bai ci abincin rana ba, labaran yamma na jiransa, hannunsa na dama har yanzu fari ne. Ya ɗauki kwalaben biyu ya jera, don ya samu abin yi da hannunsa kada ya yi magana. Iri ɗaya ne sak. Ya juya gindinsu ya duba kwanan wata. Sabuwar ta ce sai baɗi waccan za ta lalace. Tsohuwar ta ce ta lalace tun bara. Ya tambayi Hajiya yaushe ta sayi tata, ta ce watan huɗu, kuma ba ita ke saye ba, maigidanta Injiniya ne, duk sanda ya ƙare ta kai masa kwalbar ya kawo sabo.

Ya ce a ba shi minti uku. Ya fita baranda ya kira Injiniya Almu, mijin Hajiya, wanda suke sahu ɗaya a masallacin Juma'a. Bayan gaisuwa a gurguje ya tambaye shi inda yake sayen man ranar Hajiya. Almu ya rage murya, ana jin ƙarar motoci ta wayar.

"Malam, kai kaɗai ne a wurin?"

Almu ya ce sau biyu kawai ya saya, shekara biyu da suka wuce. A na uku ya tsaya a kanti ya karanta abin da aka haɗa man da shi, ya karanta na wani a babban kantin Woodbridge, shi ma mai ɓacewa a fata, ya ga bambancin bai kai ya tsaya a kansa ba. Tun daga nan kwalabe biyu yake juyawa, ya wanke ɗaya ya ɗura, ya ce kwalin ya jefa a shara. Tabon kuma ya tafi, shi shaida ne. Ya roƙi Mu'awiya don girman Allah, yana da 'ya'ya uku.

Uku saura huɗu Mu'awiya ya koma ciki, ya ce ya bincika, kamfanin ne ya sake haɗi a bana, har mutane na ta ƙorafi. Bai taɓa karanta labarin da bai tantance ba a rediyo, amma wannan ya fita sumul. Hajiya Hamida ta girgiza kai, ta ce haka duniya ta koma, har kayan kirki an fara lalatawa. Ta buɗe imel ɗin, ta goge a gabansu, ta tashi ta nufi ɗakin kwalliya. Daga baranda suka ji tana ce wa Glory ta yi haƙuri, da irin muryar da take karanta gyaran kuskure a ƙarshen shiri.

Tahir ya tsaya yana kallon rasit ɗinsa. A hankali ya tambayi Mu'awiya ko yana ganin akwai ƙaramar kwalba ta mai tsadan, don gaskiya ƙafarsa ba ta taɓa samun abin da ya karɓe ta haka ba. Mu'awiya ya ce zai turo masa sunan wani kanti a Woodbridge.

Man da Tahir ya sace ya fi wanda ya zuba araha da dala ɗaya.